Laminu da Kifi Mai Tudun Goshi

Shekara tara ke nan da Allah Ya karɓi ran ƙanena Laminu a nan Alƙahira. Bana kewarsa ta fi damuna, domin 'yarsa Ramatu ta gama sakandare tana son karatun da ubanta ya yi, dangi a Maraɗi sun ce a maido ta gida, kuma maganar a bakina take.

Karatun addini muka turo Laminu. Sai ga shi a jami'a a Giza yana karatun halittun teku, yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce gulbin garinmu ba. Na yi faɗa har na gaji. Abin da ya tafi da hankalinsa wani kifi ne na Bahar Maliya, ƙato kamar ɗan maraƙi, kore mai sirkin shuɗi, ga tudun goshi ga kaurin leɓe. Gidansa cikin murjani, duwatsun nan masu rai na ƙarƙashin teku.

Zuwansa tekun na farko ya iske masu jirage suna ba kifin dafaffen ƙwai don ya matso kusa da baƙi masu yawon buɗe ido. Laminu kuwa ɗan gidanmu ne, ba ya zuwa wurin babba hannu rabbana. Duk tafiya sai ya dafa ƙwai cike da leda a ɗakinmu na unguwar Abbasiya, wai tsaraba. Daga baya malaminsa ya gaya masa ƙwan nan cutar da kifin yake yi. Ranar ko abinci bai taɓa ba.

"Yaya," ya ce mini, "na je gaisuwa na kai guba."

Dariya na yi ta yi, ina kiransa Sarkin Ruwan Maraɗi. Shi kuwa bai ɗauke ta wasa ba. Sauran shekarunsa ya yi su yana bin masu jirage ɗaya bayan ɗaya, da shayi da lallashi, har wasu suka daina.

Da yana nan, zai ji daɗi cewa yau ba kasafai ake wannan ciyarwar ba. Amma zai yi baƙin ciki, domin abokansa sun ce kifin ya yi wuyar gani, murjani kuma yana yin fari yana mutuwa in ruwa ya yi zafi. Na san ba zai zauna ya naɗe hannu ba.

Makon jiya Ramatu ta same ni a shagona a Wustul Balad, tsakiyar birnin. Ta tsaya, kai a sunkuye.

"Baba, in ka ce a'a, khalas, shi ke nan, na haƙura. Amma wa zai ci gaba da duba kifin?"

Haka ubanta yake magana, a hankali, ba ya ja da baya. Sai da na juya ina gyara kayan da ba su buƙatar gyara.

Laminu bai bar gadon gida ba, bai bar gadon shago ba. Ya bar masu jirage da suka sake hali, da yarinyar da ta gaji tausayinsa. Jiya na kira Maraɗi na ce musu su yi haƙuri, Ramatu tana nan.