Baba Birki, Direban da Ya Sauke Kansiloli a Bakin Gada

"Mama, laifin me Baba Birki ya yi aka mayar da shi tuƙin motar shara?"

A gabansa 'yata ta yi wannan tambayar, da ƙarfi kuwa, alhali ya leƙo ta tagar mota yana jiran mu tsallaka. Na matse mata hannu. Shi kuwa dariya ya yi, ya ce, "Uwar ɗakina, laifin taka birki ne. Wuce, kada ki makara."

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma na tabbata ba wanda zai ba yarinyar nan cikakkiyar amsa idan ni ban ba ta ba.

Tun ina 'yar firamare yake tuƙa bas ɗin ƙaramar hukuma. Da sassafe zai fito da bokiti da tsumma, ya goge gilashi, ya durƙusa ya duba tayoyi, ya hau ya gwada birki kafin ya tayar da inji. Daga nan ya bi unguwanni yana kwasar ma'aikata. Hanyarsa kuwa dole ta bi ta tsohuwar gada.

Wanda bai san gadar nan ba ba zai gane abin da nake faɗi ba. Motoci biyu da ƙyar suke gifta juna a kanta. Ƙarfen gefe ya lanƙwashe, wani wurin ma da waya aka ɗaure shi. Babu inda aka bar wa ƙafa ko keke. Gidajenmu suna wannan tsallaken, makaranta tana wancan. Duk uwar da ta sallami ɗanta da safe, hankalinta ba ya kwanciya sai ta ji muryarsa a zaure.

Idan Baba ya iso bakin gadar ya ga yara, sai ya gindaya bas ɗin ya tare hanya, ya kunna fitilun gefe, ya naɗe hannu har sai na ƙarshensu ya haye. Motocin baya su yi ta danna ham, zagi ta uwa ta uba. A nan ya samo sunan, kuma ba don yabo aka laƙaba masa shi ba.

Ana haka wata ƙungiyar tallafi ta ce za ta gina sabuwar gada, da hanyar ƙafa da ta keke a gefenta, muddin majalisar ƙaramar hukuma ta zauna ta amince, ta kuma ɗauki nauyin kula da ita. Mun yi murna, ashe da sauran aiki. Kansiloli suka ce gada dai suna so, amma a cire wannan hanyar gefen a ƙara wa motoci faɗi, wai hanyar ƙafa ado ce. Mutanen da rabonsu da taka titi da ƙafa tun ranar da aka rantsar da su. Muka je, muka yi magana, aka ce an ji.

Kafin zaman ƙarshe sai suka shirya zuwa duba tsohuwar gadar tare da ciyaman, kuma Baba ne ya ɗauko su. Wani mai facin taya da ke bakin gada yana zaune abin ya faru, daga bakinsa na ji. Ya ce bas ɗin ya iso daidai lokacin tashin makaranta, ya tsaya cak, inji ya mutu.

Ciyaman ya ce, "Direba, lafiya?"

"Ranka ya daɗe, ga allon iyakar nauyi can, ku kuka kafa shi. Motar nan da ku duka a ciki ta fi ƙarfin gadar. Ku taka da ƙafa, in biyo ku."

"Kullum ba da ma'aikata kake wucewa ba?"

"Ma'aikatanku ramammu ne, ranka ya daɗe."

Wani kansila ya ce ya tayar da mota ko ya gamu da fushin hukuma. Baba ya zare mukulli ya jefa a aljihu, ya sauko ya buɗe musu ƙofa.

Haka suka sauka suna tattare riguna. Suna kaiwa tsakiya yara suka ɓarke daga makaranta, ga tifar yashi ta danno daga gaba. Ciyaman ya ja baya ya jingina da ƙarfen gefe, ƙarfen ya bi shi. Wata 'yar mitsitsiya ta cafke gefen rigarsa, don kuwa haka yaranmu suka saba, duk babban da suka samu a gadar nan shi suke riƙewa. Mai faci ya ce da ciyaman ya ƙarasa tsallaken, yara biyu ne a hannunsa, hularsa a karkace.

A zaman da ya biyo baya suka amince da gadar, har da hanyar ƙafa da ta keke. Ba a jima ba aka karɓe mukullin bas daga hannun Baba aka miƙa masa na motar shara, wai don ya koyi ladabi. Matarsa ta ce mini tun daga ranar, a waje yake wanka kafin ya shiga ɗaki, kada jikokinsa su guje shi. Ranar buɗe gada an yi jawabai, an ɗauki hotuna. Shi yana can bayan kasuwa yana loda bola.

Baba, kai ne ka san abin da zai biyo baya, amma ka zare mukullin. Kai ne ka sha zagin gari a kan 'ya'yan da ba kai ka haifa ba. Birkin marasa gata, ban san da wane baki zan gode maka ba.

Amma wallahi ba kansiloli ne suka fi ba ni haushi ba. Mu ne. Ga hanya an yi, mai faɗi, da shinge tsakaninta da motoci. Me muka yi da ita? Masu babur sun mayar da ita hanyar kauce wa cunkoso. Mai sayar da takalma ya baje tebur a bakinta. Ƙanin mijina, da bakina na yi masa magana, ya ajiye mota a kan gangaren da keken guragu ke hawa, ya ce mini, "Haba Anti, yanzu zan fito." Shekaranjiya na ga yaran makaranta sun sauko kan kwalta suna raɓa tireloli, saboda an cinye musu tasu hanyar. To wahalar me bawan Allahn nan ya sha?

Har yanzu shi ne dai. Zai tsayar da motar shara, ya sauko da ciwon gwiwarsa, ya kama tebur ta gefe guda ya ce, "Ɗana, kama can mu matsar." Ya tare mai babur da tafin hannu. Wasu su ji kunya, wasu su ce tsohon nan ya cika shisshigi.

Baba, mun gode. Allah ya huta gajiya, ya ba ka lafiyar gwiwa, ya sa jikokinka su rama maka. Ka je ka huta, ka yi naka.

Sauran kuma namu ne. Mu iyayen unguwa mun raba safiya da lokacin tashi a tsakaninmu, daga farkon wata za a riƙa ganin ɗayarmu a bakin gada. Duk mai ɗa a wancan tsallaken ya zo ya karɓi nasa lokacin, kada ya zauna yana jiran wani Baba Birkin.

Kai kuma mai karanta wannan, idan kana cikin masu hawa hanyar yaran nan da babur ko mota, ka ji da kyau. 'Yata tana bin ta kullum da jaka a baya, kuma ba ta waiwaye, don na gaya mata hanyarta ce. Ranar da na same ka a kai, ba zan yi maka ihu ba. Zan zare mukullinka in jefa a jakata, ka tsaya nan a rana har sai yaro na ƙarshe ya haye.