Ruwan Rijiyarmu a Jarka

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma na shigo Kano da ilimina guda, wanda na gada wurin mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta. Cewa ta yi da harshe ɗaya aka halicci 'yan Adam, sai suka watsu, kowa ya haƙa rijiyarsa. Ruwan wani da kanwa, na wani da gishiri, na wani da laka. Shi ya sa bakin Bayarabe daban, na Babarbare daban, namu na ƙasar Katsina daban.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ɗana ya ɗauko ni daga ƙauye, ya ajiye ni a gidansa na Nassarawa, inda ruwa ke fitowa daga bango. Tsoro ya kama ni. In na sha ruwan famfon nan zai wanke maganar Inna daga bakina, ita kaɗai kuwa ta rage mini a cikin kayanta. Sai na roƙi direban gidan, wanda ɗan garinmu ne, duk sanda ya je ganin iyalinsa ya ciko mini jarka biyu daga rijiyarmu. Shekara uku ina kurɓa kamar zamzam, ina tausayin masu shan famfo.

Da zaɓe ya zagayo na tafi gida, don can aka yanka mini kati. Ƙanwata ta tarye ni, wadda ba ta taɓa kwana nesa da rijiyar nan ba.

"Yaya, kin iso ana kamfen. Kansila ya ce ciyaman zai kawo mana taransifoma."

Na ce, "Wannan wane yare ne? Inna ba ta san ko ɗaya ba."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ke fa? Tun da kika yi sallama yara ke tambaya ko Bakanuwar da ke magana a rediyo ce ta zo."

Ashe maƙogwaro na yi ta tsarewa, ɓarawon kuwa ta kunne yake shiga.

Da la'asar muka zauna gindin rumbu muna tono kalmomin Inna, na kaɗi da na dakan fura. Wanda na manta ta tuna, wanda ta manta na tuna. Wasu mu duka biyu sun ɓace mana, muka yi musu fatiha tare da mai su.

Da na dawo Nassarawa, sauran ruwan jarkar na ba mai lambun gidan ya zuba wa furanni. Har yau dai ban ji sun yi Katsinanci ba.