Ba Ɓarawo Ba Ne Malam Haladu Mai Walda

Ranar Laraba, 14 ga Maris 2001, ina tsakiyar darasi aka leƙo ta taga aka ce mini Allah ya yi wa Malam Haladu mai walda rasuwa da hantsi, bayan jinyar kwana huɗu. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ni ne Zechariah Bot, malamin lissafi, ɗan Filato, shekarata goma sha tara a Gwarzo. Na rubuta wannan ne domin na ɓata sunanka a gaban mutane, Malam Haladu, kuma a gaban mutane ya kamata in wanke shi.

Alherinka ba ɓoyayye ba ne. Manoman Lakwaya da Madadi sun san wanda ke liƙe musu garma a tsakiyar damina ba tare da ya tambayi komai ba. Ranar da matata Pamela ta faɗi ta ji ciwo a ƙafa, kai ka kashe injin walda ka kai ta asibiti. Duk na ga wannan da idona, amma ni mutum ne mai zargi. In aka yi mini fara'a, sai in fara laluben abin da ake nema.

Bara na kawo maka babur ɗin mahaifina, tsohon ƙarfen Ingila da ya yi yawon wa'azi a kansa shekara talatin. Na riga na kai shi birni an fente shi yana ƙyalli, amma in na hau sai ya riƙa ja hagu, in ya faɗa rami kuwa har haƙorana sai sun haɗu. Ko kallon fentin ba ka yi ba. Ka kwance shi kaf, ka rataye firam ɗin da igiya a reshen darbejiya, ka riƙa ƙwanƙwasa shi da sifana kana kasa kunne. Ko'ina ƙarfen na amsawa, sai wajen wuya, nan ya yi sauti irin na fasasshiyar ƙwarya. Ka kankare fentin, sai ga tsaga an lulluɓe ta. Ka ce, "Malam, wannan da ya raba ka da ƙafar gaba a kan hanya." Ko a nan ma, a zuciyata cewa na yi ƙarin aiki kake nemar wa kanka.

Ka yi waldar wuyan, ka ja zare daga ƙafar gaba zuwa ta baya har suka daidaita. Saura shokozoba biyu na baya, waɗanda sifirin ɗinsu ya mutu. Ka cire su, ka ɗaura na aro, ka ce na asalin suna Kabo wurin wani tsohon maƙeri, Datti, da ya iya dawo wa sifirin ƙarfinsa da wuta da mai.

Wata ɗaya ya zama uku. Lokacin rayuwa ta yi tsada, kayan gyara na asali sun zama zinariya, kuma an taɓa sauya mini su da jabu a wani wurin. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ga shi an ƙaddamar da Shari'a, wasu daga cikin 'yan cocinmu suna ta haɗa kaya. Sai na saƙa a raina cewa jira kake ni ma in tashi, kayan su zama naka. Duk ranar da na gan ka ka nufi Kabo, sai in ce ciniki ka tafi.

Wata ranar kasuwa, rumfarka cike da mutane, na tambaye ka shokozobana. Ka ce suna Kabo. Na ce, "Kabo, ko dai aljihunka?" Sannan na furta kalmar sata, a watannin da kowa ya san nauyin wannan kalma a garin nan. Ka ajiye sifana ka ce, "Malam Zakariya, zato zunubi ne." Na tura babur ɗina na tafi. Magana zarar bunu ce. Daga ranar, in na zo wucewa ina ganin rumfarka tana raguwa da mutane, ina kuma gaya wa kaina gaskiyata ce ta fito. Kabo ba nisa, amma ban taɓa zuwa in tambaya ba.

Ranar sadakar uku na je gaisuwa, na raɓe a bakin tabarma. Sai ga wani dattijo ya sauka daga mota da buhu a hannu, yana tambayar wane ne malamin makaranta mai tsohon babur. Datti ne. Ya kwance buhun a gaban jama'a, ga shokozoba biyu, da alamar da mahaifina ya yi musu da ƙusa. Ya ce sau uku yana gamawa kana dawo masa da su, kana cewa ɗaya ya fi ɗaya tauri, mai su kuma yana goya iyali.

Kunya ta rufe ni. Na roƙi ƙaninka Dalhatu ya shiga ya tambayi mai ɗakinka, Halima Sa'adiya, ko ka taɓa cewa ka yafe mini. Ya dawo ya ce ba ka taɓa kawo mata zancen ba. Abin da kawai ka ce a kwanakin jinya shi ne, in Datti ya gama a kai wa Malam kayansa, a kuma gaya masa kada ya yi tafiya mai nisa da na aron nan.

Mutanen Gwarzo, duk wanda ya ji magana daga bakina ya janye aikinsa, ya sani ƙarya na yi wa bawan Allah. Ina miƙa ta'aziyyata ga Halima Sa'adiya da 'ya'yanta, da Dalhatu, da duk dangi. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari. Allah ya jiƙanka, Malam Haladu, ya haskaka kabarinka, ya sa ka huta. Ni kuma Allah ya yafe mini, tun da wanda zan roƙa na bari har ya tafi.