Buroshi Mai Mariƙin Ƙaho: Tunawa da Alhaji Ya'u Wanzami

Ranar Alhamis da hantsi labarin ya iske ni. Na riga na ɗora ruwa ya yi ɗumi, na jawo kujerata kusa da taga inda haske yake, na tuɓe hula ina jira, kamar yadda na saba shekara shida. Sai aka buga ƙofa. Ba bugunsa ba ne. Alhaji Ya'u da gefen zobensa yake ƙwanƙwasawa, sau biyu, sannan ya yi sallama. Wannan kuwa tafin hannu ne, don haka ban buɗe ba. A unguwarmu ta Nuzla, a nan Jidda, tsohon da ke zaune shi kaɗai ba ya zare sakata don kawai an buga.

"Malam Akawu, ni ce Maman Rabi, maƙwabciyarka ta ƙasa. Sauke ruwan nan. Wanzami ba zai zo ba."

"Wa ya aiko ki?"

"Ba wanda ya aiko ni. Allah ya yi masa rasuwa bayan Asuba. Da Azahar za a sallace shi."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai da na sa ta maimaita kafin na buɗe. Halina ke nan, zargi, kuma shi ne dalilin wannan rubutu.

Ga wanda bai san shi ba, Alhaji Ya'u haifaffen Jidda ne. Kakansa ya tako da ƙafa ta Sudan don aikin Hajji, ya zauna. A hannun mahaifinsa ya gaji aska da zabira, ya buɗe ɗan shago mai kujera ɗaya a lungun da ke bayan masallacinmu. Ni kuwa baƙo ne da ya tsufa a nan. Na yi makarantar midil a gida, na yi aikin akawu, na zo Hajji ban koma ba. Waɗanda na bari can duk sun riga ni. Duk safiyar Juma'a mukan taru a shagonsa, mu tsofaffi huɗu ko biyar, ya aske mana kai ƙwal, ya gyara gefen gemu. Ba ya taɓa kan mutum sai ya ce bismillah, ba ya kuma ba wani labarin abin da ya gani a ƙarƙashin hular wani. Yakan ce, "Wanda ya tuɓe maka hula ya ba ka amana."

Buroshi uku yake da su na shafa kumfa, a jere kan katako, gashinsu na kallon ƙasa don su tsane. Kowa da nasa gwani. Akwai na roba da ake sayowa a kasuwar Bab Makka, wanda wani abokinmu mutumin Nijar ya fi so, wai shi ne ke sosa masa kai. Akwai mai mariƙin ƙarfe, ba shi da laifi sai zubar da gashi. Sai na uku, mai mariƙin ƙaho, gashinsa ruwan ƙasa, bakinsa da laushi, gindinsa da ƙarfi. In ya sha ruwan ɗumi, juyi kaɗan a tasa kumfa ta tashi kamar kindirmo. Wannan ne nawa. Har gardama muke yi a kansa, ni ina cewa ba kamarsa, mutumin Nijar yana cewa buroshin ragwaye ne. Alhaji Ya'u ba ya shiga, sai dai ya ce, "Ku yi ta yi. Fursha ba ta aski, share wa aska hanya take yi." Fursha ita ce buroshi a bakinsu na haifaffun nan.

Wata rana a Bab Makka wani mai kayan aski, da ban san sunansa ba har yau, ya ce mini yawancin buroshi mai gashi na gaske da gashin alade ake yin sa. Na dawo gida raina a dagule. Kan da nake shafa a alwala, kan da nake ɗorawa a ƙasa, a ce shekaru ana goga masa wannan abu? Juma'a ta zagayo na tambaye shi a gaban mutane.

"Alhaji, wannan mai ƙahon, gashin mene ne?"

"Na doki ne, Malam Akawu."

"Ina takardarsa? Ina kwalinsa?"

Ya yi dariya. "Iƙama za ka nema masa, takardar zaman ƙasa? Na doki ne. Yalla, zauna."

"Rantse."

Dariyar ta tsaya. Ya ce, "Na faɗa. Gaskiya sau ɗaya ake faɗarta, in aka maimaita ta zama ciniki."

Ni kuwa ƙin rantsuwar na ɗauka hujja. Na mayar da hulata na fita. Bayan La'asar, a ƙofar masallaci, mutane na neman takalmansu, na ce da ƙarfi kowa ya binciki abin da ake shafa masa a kai a shagon Wanzami. Ban ce na alade ne ba. Na bar musu su ƙarasa, suka kuwa ƙarasa. Liman ya ja ni gefe ya ce in ji tsoron Allah, zato ba shaida ba ne. Na zargi liman da cewa kyauta ake yi masa aski.

Kafin wata biyu bencin shagon ya bushe. Ɗansa Abdurrahim, wanda a lokacin ya fara riƙe aska, ya ajiye ta, don sa'o'insa sun laƙaba masa suna da dabbar nan. Ya koma tuƙin motar kaya. Alhaji Ya'u bai zo ƙofata ba, bai kai ƙarata ga kowa ba. In mun haɗu a sahu yakan miƙo hannu, in ba shi yatsu. Haka muka yi shekara bakwai.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ni. Hannun dama ya yi nauyi, ƙafa ta koma ja. Gashi ya rufe mini kai da wuya har na daina duba madubi. Wata Alhamis aka ƙwanƙwasa sau biyu da zobe. Na leƙa ta kafar ƙofa na ga shi ne, da zabira a rataye.

"Me ka zo yi?"

"Gobe Juma'a, Malam Akawu. An ce mini ka koma kamar tunkiyar da ta ɓata."

Ba zan ɓoye abin da ya zo mini a rai ba. Ga mutumin da na kashe wa kasuwa, ga aska a hannunsa, ga ni ba ni da hannun karewa, ba kowa a ɗakin. Da ya karkatar da kaina ya ɗora bakin askar a gefen wuyana, kalmar shahada nake yi a zuci. Sai ya ce, "Saki wuyanka. Aska ba ta san faɗa ba, gashi ta sani." Bayan ya tafi na duba agogona, na duba ƙarƙashin matashi inda takarduna suke, na leƙa gwangwanin sukari. Komai na nan. Amma sati na gaba ma sai da na duba. Na yi ta juya abin: ko wani ne ya turo shi ya gano zamana, ko ɗakin yake so in na mutu, ko so yake a ce ya fi ni. Duk wata manufa na ba shi, ban da wadda ya zo da ita.

Abu ɗaya na lura da shi, na kuma yi shiru. Shekara shida bai taɓa fito da buroshi a ɗakina ba. Da tafin hannunsa yake murza sabulu ya shafa mini, ko da sanyin ƙashi ya kama yatsunsa. Sau ɗaya na ce, "Kumfar nan ba ta tashi." Ya ce, "Hannu dai ka san asalinsa." A ranar ya kamata in nemi gafararsa. Sai na ce a raina magana ce yake yaɓa mini.

Ranar makoki ta biyu Maman Rabi ta samo mota aka kai ni gidansu a unguwar Madain Fahd. Ana zagayawa da gahawa, sai na ji wani a bayana, wanda ko gemunsa bai yi furfura ba, yana raɗa wa na kusa da shi: "Mutumin kirki ne, sai dai ka san maganar buroshinsa." Maganata ce, shekara goma sha uku tana yawo, ta biyo shi har kan tabarmar makokinsa.

Da mutane suka ragu na ga Abdurrahim ya fito da baƙar leda zai nufi bola. Bakin ledar bai ɗauru ba, na hango ƙahon buroshin nan tare da sauran biyun.

"Ɗana, ina za ka kai su?"

Ya kira ni baffa da Larabcinsu. "Halas, ya ammi, an gama. Su suka ci mutuncinsa yana raye. Ba za su kwana gidan nan ba."

"Kai ma ka yarda da maganar?"

Hausarsa ba ta da yawa, sai ya haɗa da Larabci. "Wallah ma adri, ban sani ba. Na tambaye shi, ya ce ya faɗa sau ɗaya. Kai ne ka fara, ya ammi. Kai ka sani."

Ashe har cikin gidansa na shuka abin. Sai murya ta fito daga bayan labule. Hajiya Saude ce, matar marigayin, tana cikin takaba.

"Malam Akawu ne? Madalla. Da hannuna nake wanke gashin nan. Wani abokinsa mai kula da dawaki a bayan gari ke kawo masa. In tafasa, in taje, shi kuma ya haɗa geza don laushi, wutsiya don ƙarfi, ya ɗaure da zare, ya dasa a ƙahon ragon layyar babansa. Duk shekara yake sabuntawa."

Allah ya yafe mini, ko a nan sai da zuciyata ta ce mace ai za ta rufa wa mijinta asiri. Kamar ta ji. Ta ce, "Na san ka. Abdurrahim, ɗauko ƙunshin da ke ƙasan akwatinsa." Ya kawo wani tsohon rawani a naɗe, ya warware a gabana. Damin gashi ne ruwan ƙasa, tsawonsa ya fi kamu ɗaya, a taje, an ɗaure kansa da jan zare.

"Ka taɓa jin aladen da ke da gashi haka?" in ji ta. "Sau nawa na ce bari in kai wannan ƙofar masallaci. Ya hana ni, ya hana in nuna wa ko ɗansa. Wai wanda bai yarda da bakinsa ba, ba zai roƙe shi da wutsiyar doki ba. Ni ban ga daidai ba, amma na bi. Yanzu ba mai hana ni."

Abdurrahim ya tsuguna ya riƙe damin. Ni na ce, "Ɗana, kana iya riƙe aska har yanzu?"

Jiya Juma'a, kafin a shiga masallaci, aka ajiye mini kujera a daidai wurin da ake tuɓe takalma, inda na tsaya a wancan karon. Na tuɓe hula. Na ɗaga damin gashin da hannuna mai lafiya, na faɗa da iyakar muryar da ta rage mini cewa ni Hamisu, da ake kira Malam Akawu, ni na ƙaga zargin nan ba tare da na ga komai ba, kuma ƙarya ne. Abdurrahim ya jiƙa buroshi mai ƙaho, ya juya a tasa, ya ce bismillah, ya shafa mini a kai. Laushin na nan yadda na san shi. Ya ɗauko aska. Ya sunkuyo ya ce, "Saki wuyanka, ya ammi." Ban san lokacin da hawaye suka gangaro mini suka haɗu da kumfa ba. Wasu sun yi kabbara, wasu sun wuce suna kallona ta wutsiyar ido. Ban ga laifinsu ba, ni na koya musu. Da na tashi, mutumin Nijar ɗin nan, da sandarsa, ya zauna a kujerar ya ce a yi masa da mai ƙahon.

Wanda wannan takarda ta iske, in ya taɓa jin waccan magana, ya san daga bakina ta fito, kuma na janye ta. In ya taɓa faɗa wa wani, ina roƙonsa ya koma ya gyara.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanka Ya'u, Ka wanke shi kamar yadda ya yi ta wanke kawunan bayinka don su tsaya a gabanka da tsabta. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sanya kowace Alhamis da ya hawo matakalar ɗakina a mizaninsa. Ka ba Hajiya Saude haƙuri da lada, Ka sa albarka a hannun Abdurrahim da zuriyarsa. Ni kuma da ban nemi gafararsa ba yana tsaye a kaina, ya Allah Ka isar masa, Ka sa ya yafe mini. Amin.