Malam Bello Mai Cewa "Yi In Gani"

Ina kan babur a hanyar Marnona aka buga mini waya cewa Malam Bello ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shi ya koya mini aiki a ɗakin magani na asibitinmu, nan Goronyo.

Malam ba ya tambayar majinyaci ko ya gane. Ya san mutanenmu, kunya kaɗai ta isa ta sa su ce sun gane. Sai ya miƙa wa mutum maganin, ya harɗe hannu a baya, ya ce, "Yi in gani."

Haka ya yi wa Baba Audu, manomin albasa daga Magarya mai ciwon suga. An ba shi allurar nan mai kama da biro, wadda mutum ke yi wa kansa. Kullum yana yi, suga bai sauka ba, gyambon ƙafarsa ya ƙi warkewa, har an fara zancen yanke ta. Ana ta zargin tsoho da cin abin da aka hana shi. Malam ya zaunar da shi, ya miƙa masa allurar. Baba ya cire babban murfin, ya kafa a cinya, ya danna. Ashe akwai wani ɗan murfi a kan tsinin da bai taɓa lura da shi ba. Maganin ba ya shiga jikinsa sam.

Malam ya dube ni. "Mi kag gani?"

Na ce, "Kuskuren Baba."

"A'a, murhin nan ad da laihi. Abu ɗan mitsitsi, idon tsoho yaushe za shi gane shi?"

Tun daga ranar, duk zuwan wakilin masu kawo maganin sai Malam ya tare shi: a yi wa murfin jan launi, a ƙara masa girma. Yakan ce, "In mutum ukku sunka yi tuntuɓe wuri guda, dutsen a ka kaudawa." Har ya bar duniya ba a canza murfin ba, kuma wannan yana ci mini rai.

Ƙafar Baba Audu ta warke. Da ita ya tako wurin ta'aziyya. Da lokacin allurarsa ya yi, ya koma gefe, ya cire murfi na farko, ya cire na biyu, ya ɗaga kamar yadda ya saba nuna wa Malam. Sai ya tsaya, ya rasa wanda zai nuna wa. Na matsa kusa, na harɗe hannu a baya, na ce, "Baba, yi in gani."

Allah Ya jiƙan Malam Bello, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa abin da ya koya mana ya bi shi da lada. Iyalinsa kuma Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ya bari.