Jar Motar Noelene da Faretin Baba Col

Noelene Hartwig ta shekara ashirin da biyu tana raba wasiƙu a gonakin da ke yamma da Wandoora. Sau biyu a mako take fita, Talata da Juma'a. Kilomita ɗari uku da arba'in zuwa da dawowa, akwatin wasiƙa arba'in da ɗaya, ƙofar shinge tara, kowacce sai ta sauka ta buɗe, ta wuce, ta sake sauka ta rufe. Kuma ba wasiƙa kaɗai take kaiwa ba. Tana kai burodi, tana kai maganin hawan jini, har 'yan tsaki ta taɓa kaiwa a kwali. Motoci huɗu suka tsufa a hannunta, babu wadda ta taɓa kwana a hanya. In ana gardamar mota a garin, da wani ya ce "Noelene ta ce," to magana ta ƙare.

Shi ya sa ranar da ta shigo gari da wata jar mota 'yar ƙarama mai rufin tamfol, irin wadda ake naɗe samanta a baya, sai da mutane suka leƙo daga shaguna.

Dalilin motar shi ne mahaifinta, Col. Yana da shekara ashirin aka ɗauke shi soja, ya tuƙa manyan motoci a yaƙin Vietnam wata goma sha ɗaya. Da suka dawo babu wanda ya tarbe su, shi ma ya jefa lambobin yabonsa a gwangwanin biskit, ya yi shekara goma sha shida bai leƙa faretin 'yan mazan jiya ba. Ranar da abokansa suka shawo kansa ya fito, bai sake fashi ba. Kowace ashirin da biyar ga Afrilu, ranar Anzac da ake tunawa da sojojin ƙasar, yana cikin sahu, daga gaban gidan waya zuwa ginshiƙin da aka rubuta sunayen waɗanda ba su dawo ba. Mita dubu da ɗari biyu. Ya taka ta sau talatin da shida.

Sai ƙugunsa ya ƙi. Likita ya ce ko mita ɗari kada ya gwada. Masu shirya fareti suka ce ai da sauƙi, ga bas ɗin gidan tsofaffi, a sa shi kusa da taga.

"Bayan gilashi?" in ji Col. "Kamar kifi a kwalba? Ranar da za a ɗauke ni a rufaffiyar mota a kan titin nan, a kwance za a ɗauke ni. Ku yi abinku, ni ina gida."

Noelene ta san shi. Ta san in ya zauna gida bana, ya zauna ke nan har abada. A manyan garuruwa tsofaffin da ba sa iya tafiya a buɗaɗɗun motoci ake ɗaukarsu, suna cikin sahu, ana ganinsu suna ganin mutane. A Wandoora kuwa babu irin motar ko guda. Ta duba tallace-tallace goma sha huɗu, ta buga waya bakwai, ta je ta ga uku. Ta ukun a Dalby take, a garejin wata mai gyaran gashi da ta yi ritaya. Shekarar motar ashirin da shida, ta ci kilomita dubu ɗari biyu da goma sha huɗu. Tagar baya ta roba ta yi rawaya, injin da ke naɗe rufin ya mutu, sai an sa hannu mutum biyu. Matar ta ce dala dubu huɗu. Noelene ta shiga ƙarƙashin motar da tocila, ta fito da ƙura a gashi, suka daidaita a dubu uku da ɗari biyu.

Kai tsaye ta wuce garejin Trevor Nitschke, bakaniken garin, wanda ake kira Gajere saboda in zai shiga ƙofa sai ya sunkuya. Ya zagaye motar sau biyu yana goge hannu da tsumma.

"Noelene, saurayi kika yi ne ba mu ji ba?"

"Buɗe bonet ka daina surutu."

"Wannan ai ta 'yan bakin teku ce, masu baƙin tabarau. Kangaru ɗaya ya yi tsalle ya faɗo miki a cinya. Nawa suka cuce ki?"

Ta faɗa masa. Ya dafe kai.

"Da kin kawo min kuɗin na ajiye miki, in ya so in riƙa goya Baba Col a baya. Ni ma ba ni da rufi."

"Kai ai ka fi ta shan mai," in ji ta.

Ya canza baƙin mai da fulogi da tiyo biyu da suka tsattsage, ya ce injin dai ba laifi, amma shi ba zai ba da shaida a kanta ba sai ta yi nisa ta dawo. Haka ake gwada mota a wannan yanki. Ba a tambayar kyanta, ba a tambayar shekarunta, abin da ake tambaya shi ne ina ta je ta dawo. Noelene tana da mako shida kafin fareti. Ta kai ta Charleville sau biyu. Ta kai ta bakin teku ta dawo, kilomita dubu da ɗari uku a kwana biyu, tana gudun ɗari da goma a kan kwalta. Duk inda ta tsaya sai ta zaro sandar mai ta duba, ta leƙa ruwan lagireto. Mai bai ragu ba, ruwa bai ragu ba, allurar zafi tana tsakiya kamar an kafe ta da ƙusa. Da lissafin ya kai kilomita dubu uku, Gajere ya cire hularsa ya rusuna wa motar a gaban mutane huɗu.

Col kuwa bai ce zai je ba, bai ce ba zai je ba. Ana saura kwana biyu Noelene ta iske shi a kicin da tsohon buroshin haƙori, yana goge lambobinsa.

Ranar fareti rana ta fito da ƙarfinta, kafin ƙarfe goma zafi ya kai digiri talatin da huɗu. Aka jera sahu. 'Yan badujalar makaranta a gaba, sai tuta, sai tsofaffi shida da suka rage masu iya takawa, sai jar mota, bayanta 'yan kwana-kwanan sa-kai, Gajere a cikinsu ya fi kowa tsawo. Col yana gaba kusa da 'yarsa, don ƙugunsa ba zai bar shi ya shiga baya ba. Kwat ɗinsa a goge, lambobi huɗu a ƙirjin hagu.

Aka buga ganga, aka tashi. Tafiyar 'yan shekara tamanin ce, Noelene tana giya ta ɗaya, ƙafa a kan kuloci, tana saki tana kamawa. Mutane sun cika gefen titi biyu suna tafi. "Col! Ga Col!" Tsohon ya ɗaga hannu, da farko a ɗarare, daga baya ya sake.

A gaban kantin magani, mita ɗari huɗu da tashi, ta kalli allurar zafi. Ta bar tsakiya.

Nan take ta gane. Fankar lagireto ba ta juyawa. Wataƙila ta shekara biyar a mace. In mota tana gudu, iskar hanya ce ke sanyaya inji, fanka ba ta da aiki. Ita kuwa gudu kaɗai ta gwada. Wandoora ba ta da danja ko ɗaya, ba ta da cunkoso, babu inda mota za ta tsaya da inji a kunne ta yi minti biyu. Ita da Gajere, shekara sittin na sanin mota a tsakaninsu, babu wanda ya tuna cewa aikin da aka sayi motar dominsa tafiyar ƙafa ce.

Sahu ya tsaya a gaban gidan tsofaffi don a gaishe su. Minti ɗaya, minti biyu. Allura ta kai kashi uku cikin huɗu. Saura mita ɗari bakwai. Ta hangi lungun da ke gefen banki, inda za ta iya sulalewa ta kashe inji kafin ya ƙone. Amma in ta shiga lungun nan, Col zai ƙarasa faretinsa a zaune a bakin kwata, mutane suna wucewa.

Akwai dabara ɗaya, duk direban daji ya san ta. Hitar da ke ɗumama cikin mota daga ruwan inji take jan zafinta. In aka ƙure ta, tana rage wa inji wuta. Sai dai wutar a kan mutanen ciki take sauka, ga rana tsaka, ga tsoho ɗan saba'in da huɗu mai shan ƙwayar zuciya safe da yamma.

"Kunna ta," in ji Col. Bai juyo ba, yana ɗaga wa wasu yara hannu.

"Baba, me?"

"Ke yarinya, hancina ƙugu ne da zai lalace? Tun kantin magani nake jin warin. Kunna hita."

"Za ka dahu a cikin kwat ɗin nan."

"Na tuƙa mota a inda ya fi nan zafi, kuma ana harbina. Kunna."

Ta murɗa hita har ƙarshe, ta sa iska a lamba huɗu. Sannan ta miƙa hannu ta rufe ramukan iska biyu na gefensa, ta juya sauran ƙasa, wajen ƙafafunta.

"Na gan ki," in ji shi.

"Kalli mutanenka, Baba."

Iskar ta fito kamar daga bakin tanda. Takalmin coci ne a ƙafarta, na roba mai sheƙi, ga safa siririya. Kafin su kai banki gumi ya jiƙa mata riga har ƙugu. Ba ta da halin ɗage ƙafa, hagu tana kuloci, dama tana birki. Ta koma ƙirga turakun lantarki, ta san akwai goma sha bakwai daga banki zuwa ginshiƙi. A na huɗu allura ta daina hawa. A na tara ta sauko kamar faɗin gashi. Lungun banki ya wuce tuntuni.

Gajere ya karya sahu ya matso gefen ƙofarta, yana takawa daidai da ganga, fuskarsa a gaba.

"Noelene, naman wa ake gasawa?"

"Fanka ce. Koma layinka."

Ya yi taku uku. "Fanka," ya ce a hankali. "Kai, Trevor, ka ji kunya." Bai koma layin ba. Ya ci gaba da tafiya a gefen bonet, idonsa a ƙasan motar, ko zai ga ruwa ya fara zuba.

Goma sha biyar, goma sha shida. A na goma sha bakwai ta taka birki a inuwar ginshiƙi, daidai bayan tsofaffin shida, ta kashe inji. Minti talatin da ɗaya. Biyu daga cikin tsofaffin suka zo suka buɗe ƙofa, suka kama Col hagu da dama, ya tsaya a tsakiyarsu ya zama na bakwai.

Aka busa bigila, aka yi shirun minti ɗaya. Mutum kusan ɗari uku, babu mai tari. A cikin shirun nan sai jar mota ta fara ƙugi, ruwan lagireto yana ɓararraka kamar butar shayi. Kowa ya ji. Noelene tana tsaye a kan ciyawa, takalmanta a hannu, saman ƙafafunta ya yi jawur, ɗaya har ya tashi bororo. Ta kalli bayan mahaifinta, ta ga kafaɗunsa suna rawa. Ba ta sani ba ko dariya ce ko kuka, kuma ba ta taɓa tambayarsa ba.

Bayan an watse, shugaban masu shirya fareti ya zo yana yaba mota, yana tambayar ko za a samu aronta baɗi, don akwai mutum biyu da ƙafa ta fara ba su matsala. Gajere ya riga ya buɗe bonet, kansa a ciki, yana cewa fanka da aikin sa ta duk a wuyansa, kada wanda ya yi masa maganar kuɗi.

Col yana zaune a kujerar roba, an miƙo masa shayi, fuskarsa ja kamar motar.

"Motar ba ta da laifi," ya ce wa shugaban. "Amma in za ka ara, ka haɗa da direba." Ya nuna Noelene da kofin. "Waccan mara takalmin. 'Yata ce."