Noti Na Goma Sha Biyu

Shekara talatin da ɗaya Mai Agogo ya yi a wani ɗan shago mai faɗin tabarma biyu, gilashi maƙale a ido, yana tsintar ƙananan ƙusoshin da ba su fi ƙwayar yashi ba. Ranar da ya rufe shagon, ya ce wa kowa wayar hannu ce ta kashe sana'ar. Rabin gaskiya ya faɗa. Hannunsa na dama ne ya fara rawa, irin rawar da ya gani a hannun mahaifinsa kafin a koma ba tsohon abinci a baki. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa, Maman 'Yan Biyu. Ya koyi shan shayi da hagu, ya koyi cusa dama a aljihu in baƙi sun zo.

Abin da ya rage masa shi ne ɗan lambunsa a bayan gari, da tsohon babur da ke kai shi can, irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai. Da injin ya fara gurnani, makanikin bakin titi ya kasa kunne ya ce boris ɗin ciki ne ya ci, sai an raba kwanon injin biyu. Ya ce shi dai ba ya taɓawa, don in kwanon ya tsage ba a ƙara samun irinsa.

"Ni zan raba," in ji Mai Agogo. "Inji ai agogo ne da ya yi ƙiba."

Aka yi dariya. Shi kuwa ya san abin da ya jajibo. In ya raba lafiya, hannun yana nan. In ya fasa kwanon, kowa zai sani, shi ma zai sani.

Ya jira safiyar da matar ta tafi kasuwa, ya ɗora injin a kan tebur a barandar bayan gida. Yadda ya saba tun yana shago, ya samo kwali, ya zana siffar kwanon daga hoton tsohon littafin babur ɗin, ya huda rami a mazaunin kowane noti. Duk notin da ya kwance, sai ya soke shi a raminsa. Da hagu yake kwancewa, a gaggauce, kunnensa na kan ƙofar gida. Da ya ga ya gama, ya ture kwalin ƙarƙashin kujera. Mutumin da bai taɓa rufe agogo bai ƙirga ba, yau bai ƙirga ba.

Ya ɗauki gudumar roba ya bubbuga gefe-gefe. Gaban kwanon ya buɗe kamar kaurin farce, bayan ya ƙi motsi. Ya ƙara bugawa. Shiru. Hannun da ke aljihu ya shiga kaɗawa har yana jin sa a cinya. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske. Ya tuna mahaifinsa zaune a bakin gado, ruwa na zuba a gaban rigarsa. Ya ce a ransa ba injin ne ya ƙi ba, ƙarfinsa ne ya ƙare.

Sai ya yi abin da ya sha zagin wasu a kai: ya ɗauko babban sukundireba ya cusa bakinsa a tsagar, zai ɓanɓare da ƙarfi. Kwanon ya yi wata 'yar ƙara siririya.

"Malam, dakata!"

Maman 'Yan Biyu ce, jakar kasuwa a hannu ɗaya, kwalin a ɗayan. Shekara talatin tana share ƙarƙashin irin waɗannan kwalaye, ta san karatunsu.

"Rami goma sha biyu ka huda, noti sha ɗaya nake gani. Ina ɗayan? Ko ka haɗiye?"

Ta ajiye kwalin, ta sa bakin cokali ta kankare baƙin dattin da ya daskare kusa da mazaunin sarƙa. Ga kan notin nan, a ɗaure gam. Da ya danna sau ɗaya kawai, da kwanon ya tafi.

Wurin lungu ne, hagu ba ta shiga. Dole ya fito da dama. Ya ɗora sifana, sifanar ta hau bugun ƙarfen, kas-kas-kas, ba ta da niyyar tsayawa. Ya kasa ɗaga kai.

"Sanyi ne," ya ce, rana na dukan bayansa.

"Shekara biyu ke nan nake zuba maka shayi rabin kofi, Malam. Ka ɗauka rowa nake yi?"

Idonsa ya kawo ruwa. Ta ajiye jakar, ta ɗora tafinta a bayan hannunsa, suka murɗa tare. Notin ya saki. Bugu biyu da gudumar roba, kwanon ya rabu lafiya lau, ko ƙwarzane babu.

Ya ɗauki notin da dama zai soke a raminsa. Ya kuskure sau ɗaya, ya kuskure sau biyu. Ba ta taya shi ba, ba ta kuma kau da kai ba. A na uku ya shiga, ya bar hannun a kan tebur yana rawarsa.